Layi biyu a rauta ɗaya: na raba wa ɗalibai hanya, firinta ta ɓace

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum manya da ƙanana. Don Allah a taimaka, tun jiya nake fama. Wata makarantar koyon kwamfuta ce nake kula wa da netwok. Da layi ɗaya muke da shi, faiba mai megabit 50. Da la'asar in ɗalibai suka cika ɗakin kwamfuta sai ofis su kasa yin komai, har na'urar POS ma ta yi ta juyi. Mai makarantar ya sayo modam na 4G, ya ce a mai da ɗalibai can, faiba ta zama ta ofis kaɗai.

Rautar MikroTik hEX ce, manhajarta RouterOS 7. Faiba na ether1, modam na ether2, adireshinsa 192.168.8.1. Ofis suna 192.168.10.0/24, ɗalibai 192.168.20.0/24, firinta kuma 192.168.30.5. Ga abin da na rubuta:

/routing table add name=dalibai fib
/ip route add dst-address=0.0.0.0/0 gateway=192.168.8.1 routing-table=dalibai
/ip firewall mangle add chain=prerouting src-address=192.168.20.0/24 action=mark-routing new-routing-mark=dalibai passthrough=no

Ɗalibai sun koma modam kam, na duba adireshin da suke fita da shi. Amma abu uku ya lalace. Ba mai iya buga takarda daga ɗakin ɗalibai. Shafi sai ya fara buɗewa ya tsaya, ya yi kusan minti guda yana juyi, alhali ping lafiya lau yake tafiya. Na ukun shi ya fi tayar min da hankali: mai makarantar ba ya ganin kyamarorinsa a waya, yau kaɗai ya kira ni sau huɗu.

Bazazzage:
Wa alaikumus salam. Bakano da gaggawa! Ka sa ether2 cikin jerin WAN kuwa? In ba a yi masa masquerade ba, wato sauya adireshin masu fita ta nan, ai ba inda za ka je.

Ɗan Fagge:
Na sa mana. Da ban sa ba ai ko ping ba zai dawo ba.

Bazazzage:
To sabis ne. Ɗauki modam ɗin ka kai shi bakin taga.

Ɗan Fagge:
Na jona laftof ɗina da shi kai tsaye, megabit 20 da ɗoriya nake samu. Ba sabis ba ne, Bazazzage, nemi wata.

Maman Hanif:
Ƙanina, bar modam ɗin inda yake. Matsala uku ce, kowacce da sanadinta, sai dai duk daga layinka na ukun nan suka fito.

Fara da firinta. Teburin da ka buɗe mai suna dalibai, hanya nawa ce a cikinsa? Ɗaya tak, 0.0.0.0/0, wato ko ina ka nufa, bi ta modam. Kai kuma ka buga wa duk fakitin bayanan da ya fito daga ɗakin ɗalibai hatimin wannan tebur, ba ka ware komai ba. Fakitin da zai je firinta ya zo, rauta ta ga hatimi, ta duba tebur, tebur ya ce modam. Shi ke nan takardar yaro ta tafi yawon 4G alhali firinta na ɗaki na gaba. Hanyar zuwa 192.168.30.0 tana cikin babban tebur ne, main, kuma ka hana fakitin leƙa shi.

Kafin in ci gaba, ka buɗe Filter Rules ka faɗa min ko akwai doka mai fasttrack-connection. Sannan na'urar DVR mai naɗar hoton kyamarorin, wane adireshi gare ta?

Ɗan Fagge:
Akwai fasttrack, Anti, da ita rautar ta zo, ban taɓa ta ba. DVR kuma... 192.168.20.200. Wanda ya kafa kyamarorin ya jona ta a suwic ɗin ɗakin ɗalibai don shi ya fi kusa.

Maman Hanif:
Ka ga ka amsa wa kanka.

FastTrack gajeriyar hanya ce. Da zarar haɗi ya kafu, sauran fakitocinsa ba sa bi ta mangle, wucewa suke kai tsaye don a sauƙaƙa wa rautar aiki. To hatiminka a mangle ake buga shi. Fakitin farko ya samu hatimi, ya fita ta modam da adireshin modam. Na bayansa ba su samu ba, sai suka bi babban tebur suka fita ta faiba, amma ɗauke da adireshin ɓangaren modam. A can gaba aka zubar da su. Lokaci lokaci wani fakiti kan bi doguwar hanya ya samu hatimi ya isa, shi ya sa shafin bai mutu gaba ɗaya ba, rarrafe yake.

Ping ɗin da ya ruɗe ka kuwa, FastTrack TCP da UDP kaɗai take ɗauka. Ping ICMP ne, kullum ta mangle yake bi, kullum da hatiminsa. Haka tracert na Windows. Kana gwadawa da abin da matsalar ba ta shafa ba.

Kyamara kuma: mai makarantar yana shigowa ta faiba, ta ƙofar da ka tura wa DVR. DVR ta ba da amsa, amsar ta fito daga 20.200, dokarka ta ce wannan ɗalibi ne, ta tura ta modam. Baƙo ya yi sallama a zaure, an amsa masa ta bayan gida.

Bazazzage:
Wallahi abin da nake shirin faɗa ke nan.

Ɗan Fagge:
Bakin taga dai ka ce.

Baba Cisco:
Madalla da Maman Hanif, ba abin da zan ƙara a kan ganewar ciwon. Amma ina so yaran da ke karantawa shiru su fahimci tushen abin, don kusan kowane wata sai wani ya kawo irin wannan.

Rauta a ɗabi'arta tambaya ɗaya take yi wa fakiti: ina za ka? Kamar ɗan kamasho a tasha. Ka ce Gusau, ya nuna maka motar Gusau, bai damu da ko kai waye ba. Abin da ake kira PBR, policy-based routing, shi ne ka tsayar da wani a bakin ƙofar tasha, kafin a kai ga ɗan kamasho, yana tambayar daga ina kake, me ka ɗauko, sannan ya ce kai bi nan. Amfaninsa a fili yake. Haɗarinsa shi ne wannan na bakin ƙofa ba a ganinsa a allon tasha. Ka buga show ip route, tebur ya rantse maka cewa kowa ta faiba yake fita, alhali rabin gidan ta wata ƙofa suke bi. Wanda ya gaje ka a aikin zai kwana uku yana zargin kebul.

A Cisco ga yadda abin Ɗan Fagge zai kasance:

ip access-list extended DALIBAI
 deny ip 192.168.20.0 0.0.0.255 192.168.0.0 0.0.255.255
 permit ip 192.168.20.0 0.0.0.255 any
route-map FITA permit 10
 match ip address DALIBAI
 set ip next-hop 192.168.8.1
interface GigabitEthernet0/1.20
 ip policy route-map FITA

Ku lura da abu uku. A ƙofar da fakiti yake shigowa ake ɗaura dokar, ba ƙofar fita ba. Deny ɗin nan ba yana nufin a kashe fakitin ba ne, cewa yake wannan ba ruwan PBR da shi, ya bi tebur kamar kowa, kuma haka duk abin da bai dace da route-map ɗin ba. Sannan abin da rautar ta aika da kanta ba ya bin wannan doka sai ka rubuta ip local policy route-map.

Akwai kuma set ip default next-hop, kalma ɗaya ce ta bambanta su amma aikinsu baya da baya ne. Shi sai an fara duba tebur, in ba takamaimiyar hanya sannan ya yi aiki. Da shi ka yi amfani, firinta ba za ta ɓace ba ko ba deny.

Ɗan Fagge:
Na gode Baba. Anti, to yaya zan gyara? In kashe fasttrack ɗin ne gaba ɗaya?

Maman Hanif:
Kana iyawa, da megabit 50 da 20 hEX ba za ta ji komai ba. Amma ba dole. Goge dokarka ta mangle ka sa waɗannan:

/ip firewall address-list add list=gida address=192.168.0.0/16
/ip firewall mangle
add chain=prerouting src-address=192.168.20.0/24 dst-address-list=!gida dst-address-type=!local connection-state=new action=mark-connection new-connection-mark=h-dalibai passthrough=yes
add chain=prerouting src-address=192.168.20.0/24 connection-mark=h-dalibai action=mark-routing new-routing-mark=dalibai passthrough=no

Sai ka je dokar fasttrack ka ƙara mata connection-mark=no-mark. Yanzu haɗin ake wa hatimi, kuma sai wanda ɗakin ɗalibai suka fara da kansu zuwa waje. Na firinta bai shiga ba don yana cikin gida. Na mai makaranta bai shiga ba don daga waje aka fara shi. Kada ka cire src-address daga doka ta biyu da sunan taƙaitawa, in ka cire, amsar da ke dawowa daga intanet ita ma za ta samu hatimi ta juya ta koma modam.

In ka gama ka share tsofaffin haɗe-haɗe a Connections, ko ka sake kunna rautar. Wanda ya riga ya hau FastTrack ba ya sauka sai ya mutu.

Malam Linux:
Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba, Hajiya. Mutum yana son ɗaki guda ya bi layi guda, ba maganar fot (port) ba maganar irin manhaja. Me ya kai shi mangle? Routing rule layi uku ya gama:

/routing rule
add dst-address=192.168.0.0/16 action=lookup-only-in-table table=main
add src-address=192.168.20.200/32 action=lookup table=main
add src-address=192.168.20.0/24 action=lookup table=dalibai

Duk wanda ya buɗe ya karanta daga sama zuwa ƙasa ya gane. RouterOS a kan Linux aka gina ta, kuma wannan shi ne ip rule da muke da shi tun zamanin kanel 2.2. Ka buga ip rule show a kowace injin Linux za ka ga dokoki uku da take zuwa da su: 0 na local, 32766 na main, 32767 na default. Naka sai ka cusa a tsakani, ƙaramar lamba ita ake fara dubawa. Ni a wurare da dama na bar fasttrack a kunne da routing rule ban ga matsala ba.

Maman Hanif:
Malam, ban musa ba, naka ya fi tsafta a ido. Abu biyu ne suka sa ban kai shi can ba. Bayanin MikroTik da kansu ya ce FastTrack da babban tebur take aiki, kuma alhakin mai kula da rauta ne ya ware haɗin da ke bin wani tebur. Na san mutane da yawa sun ce da routing rule lafiya lau ne, kai ma ga shi ka faɗa, amma ni ba na so in ba yaro abin da in ya sabunta manhaja zan riƙa fargaba. Na biyu, na san masu makarantu. Yau ɗaki guda ne. Jibi za a ce wayar malamai ta bi faiba, ajin Zoom ya bi faiba, YouTube kada ya bi. Routing rule ba ya karɓar jerin adireshi, ba ya ganin fot. Nan da wata biyu zai dawo mangle ko ya so ko bai so ba.

Malam Linux:
To in lokacin ya zo ya dawo. Ba a ɗinka wa jariri babbar riga don wata rana zai girma.

Bazazzage:
A Zariya ana ɗinkawa, a naɗe hannun.

Baba Cisco:
A nan ina bayan Malam Linux, kuma dalilina ba na fasaha ba ne. Doka uku da kowa zai karanta ta fi biyun da sai mai ita. Na taɓa gadar wata rauta a wani wurin aiki, route-map ɗinta ya kai jeri talatin da wani abu, ba ko ɗaya da aka rubuta dalilinsa. Rabin adireshin da ke ciki kwamfutocin sun daɗe da mutuwa. Ba wanda ya isa ya goge ko layi ɗaya, kowa na tsoron abin da zai faɗi. Kowane jeri a ciki wani oga ne ya taɓa cewa a sama min hanya ta daban. In rabuwar ta gaske ce, ɗalibai daban ofis daban har abada, to VRF ce maganinta, kowa da teburinsa cikakke, ba a sata ta gefe.

Maman Hanif:
Baba, ranka ya daɗe, VRF da firinta ɗaya a tsakaninsu? Sai ya koyi zubo hanya daga wannan tebur zuwa wancan. Yaron da mai makaranta ke kira sau huɗu a yini.

Baba Cisco:
Na karɓi wannan. Ba yau ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Ina da ƙaramin wurin wifi da nake sayar da tikiti, layi biyu gare ni ni ma. Maimakon a raba mutane, ba a iya haɗe layukan su zama ɗaya? Kamar na ɗan Kano, 50 da 20 su ba da 70.

Malam Linux:
Ga gida gaba ɗaya eh, ga mutum ɗaya mai sauke fayil ɗaya a'a. Haɗi guda ta layi guda yake bi, don kowane layi da adireshinsa na fita. Abin da ake yi shi ne rarraba haɗe-haɗen, a MikroTik sunansa PCC, per-connection-classifier, kuma shi ma PBR ne, sai dai lissafi ke zaɓa wa fakiti layi maimakon kai. In za ka yi, zaɓi both-addresses ko src-address. In ka sa wanda ke haɗawa da fot, mutum zai shiga shafin banki ta layi ɗaya, ya danna gaba ya fita ta ɗayan, wasu shafukan su ga adireshi ya canza su kore shi. Kwastoma ba zai ce PCC ba, cewa zai yi wifi ɗinka na cin kuɗi.

Ɗan Fagge:
Damagarawa dai kullum a haɗa a cinye.

Ɗan Damagaram:
Kai da firinta ta gudu daga hannunka kake magana?

Ɗan Fagge:
Alhamdu lillahi! Na bi na Anti. Firinta ta dawo, shafuka na buɗewa nan take, mai makaranta ya turo min hoton farfajiya daga wayarsa. Sai dai na sha da ƙyar: ina zaune a ɗakin ɗalibai nake gyaran, na yi kuskure a dokar mangle, Winbox, manhajar da nake saita rautar da ita, ya yanke. Sai ta adireshin MAC na samu na koma.

Maman Hanif:
Akwai maɓalli a saman Winbox, Safe Mode. Danna shi kafin ka taɓa mangle ko hanya. In ka yanke kanka rautar za ta warware abin da ka yi. In komai ya yi daidai sai ka sake dannawa ya zauna.

Baba Cisco:
Kai ka yi sa'a kana cikin ginin. Ni daga Kano na yanke kaina daga wata rauta a Haɗeja, ranar Alhamis da yamma, sai da na hau mota. Tun daga ranar ba na taɓa na'urar nesa sai na buga reload in 10, kuma ba na adana saitin sai na tabbatar. In na kulle kaina, minti goma ta sake tashi da tsohon saiti.

Tunda ana maganar tarko, masu tsofaffin suwic na Cisco Catalyst 3560 da 3750, waɗanda har yanzu ofisoshinmu ke cike da su: PBR ba zai hau ba sai da manhajar IP Services, sai kuma ka buga sdm prefer routing ka sake kunna suwic ɗin. Kuma wancan deny da na nuna a sama, a rauta ne. A waɗannan suwic fakitin da ya faɗa deny ana jefa wa CPU ne, kana iya durƙusar da ita da rana tsaka. Can sai ka tsara jerin da permit zalla.

Bazazzage:
Tambaya ta gaskiya yanzu, ba wasa. Me ya hana a bar DVR ta bi modam, a tura mata ƙofa ta can?

Malam Linux:
Yawancin layukan waya ba sa ba ka adireshin fili. Duba abin da modam ɗin ya samu daga sama, sau da yawa za ka ga 10 da wani abu, ko tsakanin 100.64 da 100.127. Wannan na biyun shi ne 100.64.0.0/10 da aka ware a RFC 6598, shekarar 2012, don kamfanoni su cusa kwastomomi da yawa bayan adireshi ɗaya. Ba ƙofar da za ka buɗe daga waje ta iso ka.

Ni ma dai da za a ji tawa, buɗe ƙofar DVR ga duk duniya ba dabara ba ce ko ta faiba. RouterOS 7 na da WireGuard a ciki, VPN ce mai ba ka ɓoyayyiyar hanyar shiga gida daga waje. Sa wa mai makaranta a waya, rufe ƙofar.

Ɗan Fagge:
Zan gwada, in ya yarda ya riƙa danna abu biyu maimakon ɗaya.

Ɗan Fagge:
Jama'a na dawo, kwana shida lafiya sai yau. Data ta ƙare a modam da misalin sha ɗaya na safe, ɗakin ɗalibai ya mutu murus. Na ɗauka za su koma faiba da kansu, don na sa check-gateway=ping a hanyar.

Maman Hanif:
Wa kake wa ping ɗin? 192.168.8.1, wato modam ɗin da ke kan teburinka. Data ta ƙare amma shi yana da wuta, duk daƙiƙa goma rauta ta tambaye shi kana nan, ya ce ina nan. Sai ya kasa amsawa sau biyu a jere take sauke hanyar, shi kuwa ba zai kasa ba sai an zare shi daga soket. Abin da kake so ka sani shi ne ko akwai duniya a bayansa. Sai ka sa ta riƙa tambayar wani na can nesa, ta cikin modam ɗin:

/ip route
add dst-address=9.9.9.9/32 gateway=192.168.8.1 scope=10
add dst-address=0.0.0.0/0 gateway=9.9.9.9 routing-table=dalibai target-scope=11 check-gateway=ping

Ka goge tsohuwar. Zaɓi adireshin da ba kowa ke amfani da shi a gidan ba, don daga yanzu duk mai zuwa wurinsa ta modam zai bi, har 'yan ofis.

Baba Cisco:
Namu na Cisco sunansa IP SLA da track, sai set ip next-hop verify-availability. In ba ka sa ba, muddin ƙofar na sama rauta za ta yi ta zuba fakiti a rijiya.

Ku tuna 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne. Ranar fitilun modam kore shar, maƙwabciyar rauta na amsa ping, amma waje ba labari. Duk wanda gwajinsa ya tsaya a bakin ƙofa, layinsa na ko-ta-kwana bai tashi ba. Wasu kuma ya tashi suka tarar layukan nasu biyu a teku ɗaya suke sha. Sunan kamfani biyu a rasit ba ya nufin hanya biyu.

Malam Linux:
Amma tsaya. Kafin ka gyara, an tambayi mai makarantar? Shi fa cewa ya yi faiba ta ofis ce kaɗai. In data ta ƙare ɗalibai arba'in suka afka wa faiba ba wanda ya sani, POS ta koma juyi, an dawo gidan jiya, kuma ba wanda zai sayi data tunda komai na aiki. Wataƙila mutuwar da ɗakin ya yi yau ita ce daidai. A routing rule bambancin kalma ce kawai: lookup in hanya ta faɗi a koma main, lookup-only-in-table a tsaya nan a mutu. Wannan ba injiniya ke yanke shi ba, mai biyan kuɗi ne.

Maman Hanif:
Wannan gaskiya ne, na yi saurin ba da umarni ban tambaya ba. Akwai tsaka-tsaki: su koma faiba amma a ɗaure su da queue, a ce megabit 15, ofis su riƙe sauran. Sai dai ka lura, queue ma ba ta ganin abin da ya hau FastTrack. Naka tunda suna da hatimi ba sa hawa, to a nan mangle ɗin da ake zagi ta yi rana.

Malam Linux:
Na ji, Hajiya. Ɗaya da ɗaya.

Ɗan Fagge:
Na same shi bayan azahar. Na yi masa bayani da misalin tashar Baba, ya gane sarai. Ya ce ranar da ake jarrabawar gwaji su koma faiba, sauran ranaku su mutu, don ya san lokacin sayen data. Na ce to ranar jarrabawa zan riƙa kunna dokar da hannu.

Baba Cisco:
Za ka manta. Ko ka kunna ka manta ba ka kashe ba. Rubuta comment a kan kowace doka: me take yi, wa ya ce a sa, yaushe. Da Hausa ma ya yi. Ka fitar da export ka ajiye a wani wuri da ba laftof ɗinka ba.

Ɗan Fagge:
Na rubuta, Baba. Har na mai da DVR ɗin 192.168.30.10, na ja mata sabon kebul, mita ashirin ne kacal ashe.

Sai dai ina fitowa ya kira ni ya ce wayarsa da ta ɗansa, ko a ɗakin ɗalibai suka zauna, faiba yake so su bi.

Maman Hanif:
Malam Linux, kwana nawa na ce?

Malam Linux:
Wata biyu kika ce. Ko sati biyu ba a yi ba.

Maman Hanif:
Ƙanina, ka ba wayoyin adireshi tsayayye a DHCP, ka buɗe jeri mai suna manya, ka ƙara src-address-list=!manya a dokar farko. Ka ce su kashe canza adireshin MAC a saitin wifi ɗin, in ba haka ba wata rana wayar ta zo da sabuwar fuska ta koma ɗaliba.

Baba Cisco:
Jeri na ɗaya ke nan. Wancan mai talatin da wani abun ma wayar oga ce a samansa.

Bazazzage:
Ɗan Fagge, in ka tashi ka sa tawa a cikin manyan, ina shigowa Kano ran Asabar.